Layin da Na Goge

Jiya da azahar ku da nake koya wa aiki kuna zaune a gindin itacen bedin da ke ƙofar biro, wato ofishinmu, na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wannan aikin namu ba shi da wata wahala. Wai idan furogaram ya rikice sai ka sa console.log, allo ya nuna maka abin da ke ciki, ka gyara ka tashi. Ban tanka ba don ina da alwala, kuma an riga an kira salla. Yau zan tanka. Ku ajiye wayoyinku.

Allo ba ya nuna maka abin da ke ciki. Abin da ke ciki yana can a ƙwaƙwalwar na'ura, ba haruffa ba ne, ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Abin da kake karantawa bayani ne da na'urar ta tsara a kansa, ta zaɓi abin da za ta faɗa, ta bar abin da za ta bari. Rabin sana'ar nan sanin yadda take wannan zaɓin ne.

Ni ba da ordinatar, wato kwamfuta, na fara ba. Ƴar manoman gero ce daga Gangara, na yi kolej a nan Tanut, sannan aka kai ni Damagaram na koyi dakitilo, wato buga takarda da inji. Shekara goma sha ɗaya ina buga wasiƙu da takardar karbon uku-uku a wannan ƙungiya tamu ta manoma da makiyaya. Injin dakitilo abin da yatsanka ya taɓa shi ke fita a takarda, ba ƙari ba ragi. In an ga kuskure naka ne, kuma kana ganinsa. Da wannan tunanin na zauna gaban ordinatar, kuma sai da aka sha fama kafin a raba ni da shi.

Wanda ya raba ni da shi Malam Isufu ne, mutumin Damagaram, da aka turo ya gina mana furogaram mai karɓar saƙonnin ma'aikatanmu na daji daga wayoyinsu. Wata shida aka ba shi. Ni aikina shigar da sunaye kawai, amma a sati na biyu ya jawo kujerarsa kusa da tawa ya ce, "Malama Zainabu, in na koma gida abin nan ya tsaya, wa zai tada shi? Buɗe kaye." Dokarsa ɗaya ce. Ba ka da izinin tada furogaram sai ka rubuta da bik, wato alƙalami, a cikin kaye, littafin rubutunka, abin da kake tsammanin allo zai nuna, harafi da harafi. In abin da ya fito ya saɓa da naka, ba za ka taɓa komai ba sai ka faɗi dalili. Akwai ranar da muka wuni a kan layi ɗaya.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne saƙon da ake tura wa masu allurar dabbobi kowace Asabar, a gaya wa kowa rijiyar da zai je ya tarar da garke. A cikin furogaram kowane mai allura an ajiye shi a abin da muke kira obje, wato ƙunshi guda mai ɗauke da suna da lambar waya da ƙauye. Rijiya ma haka. Na rubuta gaisuwa, na sa alamar tarawa, na liƙa mutumin a bayanta. Ranar Malam Isufu ya fita, ni kuma na ga abin ya yi ƙanƙanta da a rubuta shi a kaye. Na tura.

Ba a jima ba sai ga kiran Malam Habu, dattijon masu allurarmu da ke wajen Olelewa.

"Malama, wane baƙo kuke gaisarwa a wayata?"

Na ce ya karanta mini. Ya karanta da ƙyar, yana tsayawa: "Barka da aiki object Object, gobe kana rijiyar object Object."

"To ni wace rijiyar zan je?" in ji shi.

Mutum goma sha huɗu suka samu wannan saƙon. Sai da na kira kowa ɗaya bayan ɗaya.

Da Malam Isufu ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin ce a haɗa rubutu da ƙunshi. Ba sa haɗuwa sai an mai da ƙunshin rubutu. Sai na'ura ta tambayi ƙunshin, yaya ake rubuta ka? Kowane obje yana da abin da ke amsa wannan tambaya, ana kiransa toString. In ba ki koya masa tasa amsar ba, wadda ya gada zai bayar, wadda kowane obje ke bayarwa, ma'anarta kawai ni abu ne."

Ya sa na maimaita a console.log, amma na cire alamar tarawa na sa waƙafi. Sai ga suna, ga lamba, ga ƙauye, duk a allo.

"Abu ɗaya, amsa biyu," in ji shi. "Wacce ce gaskiya?"

Na ce ta biyu.

"Ba ko ɗaya. Ta biyun ta fi surutu ne kawai. Ita ma tana da inda take tsayawa."

Ya nuna mini inda take tsayawa. In ƙunshi yana cikin ƙunshi, Node, wadda ke tada mana furogaram, hawa uku take buɗewa, a na huɗu sai ta rubuta Object ta wuce. A cikin nabigatar kuma, abin da ake buɗe shafukan intanet da shi, in ka buɗe obje bayan an rubuta shi a log, halin da yake ciki lokacin da ka buɗe za ka gani, ba halin da yake ciki lokacin da aka rubuta ba. Ya kuma gaya mini jeri mai tsawo ba ya fita duka. Na rubuta wannan da hannuna a kaye, yana nan har yanzu a shafi na tara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikina ba su da yawa. Ordinatar ɗaya mai murfi da ya saki, nakan jingina allon da kwalin alli. Panno biyu masu ɗaukar hasken rana a kan rufi da batiri a ƙarƙashin tebur, don kuran na gari, wato wutar lantarki, ba a dogara da shi. A bazara injin kan yi zafi har ya kashe kansa, sai na ɗora shi a kan bulo biyu iska ta bi ta ƙasa. Rezo kuwa, wato layin intanet, in za ka sauke abu mai nauyi sai ka fara da hantsi ka je ka yi wani aikin. Shi ya sa ban saba da tambayar intanet kowane abu ba, kaye nake tambaya. Na cika guda bakwai.

Bayan tafiyar Malam Isufu aka ƙara wa ma'aikatan daji aikin auna rijiyoyi, su turo zurfin ruwan da ke ciki. Wata Litinin rahoto ya fito ya ce wata babbar rijiya a yamma da Olelewa ba ruwa. Har an fara shirin sanar da makiyaya kada su kora garke can, sai ga Malam Habu a kan moto, wato babur, rawaninsa duk ya warware.

"Malama, da igiyata na auna. Ruwa ya kusa gaba biyu. Wa ya ce ta ƙafe?"

Na buɗe fayil ɗin da ake ajiye saƙonni, na ga null a wurin zurfin, wato babu komai. Na ce ko bai turo ba ne. Ya miƙo mini wayarsa. Ya turo, mita uku da rabi, ya rubuta 3,5 da waƙafi kamar yadda aka koya mana duka a lakkol, makarantar boko. Na'ura kuwa ɗigo ta sani. Da ta kasa mai da shi lamba sai ta ajiye NaN, wato wannan ba lamba ba ce. A allo NaN ɗin za ka gani, ka gane an yi tuntuɓe. Amma lokacin rubutawa cikin fayil wani abu da ake kira JSON.stringify ke aikin, shi kuma ba shi da hanyar rubuta NaN, sai ya sa null ba tare da ya ce uffan ba. Rahoto ya ga babu, ya ce ba ruwa. Abu ɗaya ne, fuskarsa a allo daban, a fayil daban. Na gyara kafin la'asar, Malam Habu ya sha shayi ya koma. Wannan ya zo da sauƙi, don akwai mai igiya da ya zo ya ƙaryata mu.

Shekarar da ba ta zo da sauƙi ba ita ce wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Arewa da Tanut har wajen Balbeji ba ciyawa. Kafin bazara ta yi nisa shanu sun fara kwanciya, sai mutum huɗu sun zura sanduna ta ƙarƙashin saniya kafin ta miƙe. Ƙungiya ta samo dusa da gurya, aka cika magaza, ɗakin ajiyarmu. Ma'aikatanmu sun riga sun zaga sun ƙidaya dabbobi, furogaram ya raba buhuna, wuri ɗari da talatin da ɗaya tsakanin ƙauyuka da zanguna, kowanne da rabonsa.

Ranar da za a fara lodi a kamiyo, wato manyan motoci, sashen furogaram da ke fitar da jerin a tebur mai kyau don bugawa ya ƙi tashi. Wani abin da yake dogara da shi ya lalace, ga rezo ya ɗauke, ba halin sauke sabo. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, yana tsaye a kaina.

"Hajiya, kamiyo huɗu suna tsaye a rana. Ba kyau nake nema ba, sunaye da buhuna nake nema."

Na ce ya ba ni minti goma. Jerin yana cikin na'ura lafiya lau. Sai na sa console.log a kansa, na juya abin da ya fito cikin fayil, na shiga share alamomin da na'ura ke sawa, bakuna da waƙafai da sauransu, don mai magaza da direbobi su iya karantawa. Hannun dakitilo ne, da sauri nake yi. A can ƙasa akwai wani ɗan layi na Ingilishi, ɗigo uku sannan 31 more items. Ma'anarsa saura talatin da ɗaya ban nuna ba. Da na tsaya na karanta da na gane. Ban tsaya ba. Idona yana kan tarkacen da nake sharewa, na haɗa da shi na goge. Na buga, Alhaji ya sa hannu da hatimi, aka fara lodi. Buhunan da suka rage a magaza, mai magaza ya ɗauka ajiyar gaba ce.

Node abu ɗari take nunawa daga jeri, sauran ta ƙidaya maka su kawai. Abin da ke shafi na tara ke nan. Jerin kuwa an tsara shi bisa haruffa. Ku yi tunanin sunayen wurare a ƙasarmu ta Damargu. Ƙauyukan manoma Garin wane ne, Gidan wane, Sabon Gari. Wuraren Buzaye da yawa da T suke farawa. Mazaunin makiyaya kuma yadda ma'aikatanmu suka rubuta shi, Zangon wane, Zangon wane. Talatin da ɗayan da suka faɗi daga T ne zuwa Z, kuma in ka cire uku ko huɗu, duk makiyaya ne.

Kwana tara ba wanda ya sani a biro. Rana ta goma Ardo Juli ya zo da dattawa biyu. Shi ne babban ardon zangunan da ke tsakaninmu da Balbeji, kuma yana cikin waɗanda suka shawo kan Fulani suka shiga ƙungiyar tun farko. Ya ƙi shiga ciki, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ina jin su ta taga. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, an zo an ƙidaya shanunmu, mun bari. Kamiyo ya wuce ta gaban zangona sau biyu, ya sauke a ƙauyen da ke gabanmu da wanda ke bayanmu. Na aika a tambayi sauran zanguna, ba wanda ya ga buhu ɗaya. An ce mana ƙungiyar ta manoma da makiyaya ce. Yanzu samarinmu suna cewa sun gane ta wa ce. Jiya sai da na zauna a bakin rijiya da kaina don kada su hana mutanen ƙauye ɗiban ruwa."

Alhaji Mamman ya ce, "Ardo, jerin nan daga ordinatar ya fito. Ordinatar ba ta san Bafillace ba, ba ta san Bahaushe ba."

"To wa ya san mu a cikin gidan nan?" in ji Ardo.

Na ɗauko kwafin takardar na sa bik ina ƙidaya layuka. Ɗari cif. Ba jerin ƙauyukan da ke zuwa ɗari cif da kansa. Na sake tada layin nan na console.log, na gangara ƙasa, ga shi nan zaune inda na goge shi.

Na kira Alhaji gefe na gaya masa. Ya ce, "A ce musu inji ya samu matsala. Kowa ya san inji."

Na ce, "Alhaji, in muka ce inji ne, gobe ba mai bari a ƙidaya masa ko akuya. Kuma injin ya faɗa. Ni na goge."

Na ɗauki ordinatar na fita, na gaida Ardo, na zauna a gefen tabarmar na juya masa allon. Ba ya karatun boko, amma mutum ne mai ƙidaya. Na ce masa na'ura ta jera sunaye bisa haruffa, harafin zango shi ne na ƙarshe. Ta rubuta ɗari ta tsaya, ta ce saura talatin da ɗaya. Na sa yatsa a kan lambar. Na ce wannan layin ni na cire shi da hannuna, cikin gaggawa, ba wanda ya sa ni.

Ya daɗe yana kallon wurin da yatsana yake.

"Don me take tsayawa a ɗari?"

Na ce waɗanda suka ƙera ta sun yi wannan don mai gyara ya leƙa ya ga yadda abu yake, kada allo ya cika masa.

"Ashe leƙe kika ba direbobi."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

"Buhunanmu suna nan?"

Na ce suna magaza, ba wanda ya taɓa. Ya tashi aka buɗe masa, ya ƙidaya da kansa, dattawansa suna biye. Da ya fito ya tsaya a gabana ya ce, "Hajiya, a kwana taran nan saniya goma sha bakwai na rasa a zangona. Ban ce da an kawo dusa duka za su tashi ba. Amma wasu za su tashi."

Washegari da sassafe aka yi lodi. Na shiga gaban kamiyo na farko da sabon jeri, wanda na rubuta masa hanyar fita ta kansa, layi bayan layi, ba ta log ba. Kwana uku muna zaga zanguna har bayan Balbeji. Duk inda muka tsaya nakan sauka in karanta sunan wurin da yawan buhuna da ƙarfi, mai zango ya ƙidaya, in ja layi. A wurare biyu mun tarar an tashi, sun kora abin da ya rage musu kudu. A wani wurin wata tsohuwa ta nuna mini fatun da aka shanya a kan ƙaya, ta koma ta kama bakin buhu. Zanguna shida suka fita daga ƙungiyar a shekarar, sai bayan damina biyu huɗu daga ciki suka dawo. Faɗan rijiya dai bai auku ba. Ardo Juli ya bi zangunan da kansa yana gaya musu abin da ya gani a allo.

Daga nan dokokina suka fito, waɗanda kuke ganin tsufa ne. Log na idon mai gyara ne, ba a miƙa shi ga wanda zai yi aiki da shi. Duk takardar da za ta fita daga biro, kai za ka rubuta yadda kowane obje zai zama rubutu, ba ka bar wa na'ura ta zaɓa. In dole ka ga jeri duka a allo, ka gaya mata a fili ta cire iyakar tsawo da ta zurfi, akwai wurin sa wannan. A ƙasan kowace takarda a rubuta adadin layukanta, wani daban ya ƙidaya da bik ya gwada da adadin da ke cikin na'ura. Kuma duk layin da ba ka gane ba, ba tarkace ba ne sai ka karanta shi. Tun daga shekarar ba takardar da ta fita daga hannuna da gibi, kuma ba wanda na koyar da ya fitar da irinta.

Da shekara ta zagayo aka buɗe sabon rajista, Ardo Juli bai jira ma'aikatanmu su je ba, ya zo da kansa. A wannan karon ya shigo ciki, ya zauna a kujerar da ke gaban teburina.

"Hajiya, a haruffanku na boko wanne ne na farko?"

Na ce A.

"Ardo da wanne yake farawa?"

Na ce da shi.

"To cire zangon. Rubuta Ardo Juli kawai."

Na ce masa an gyara, yanzu ko wuri dubu ne duka za su fita, kuma ana ƙidayawa sau biyu.

"Na yarda an gyara," in ji shi. "Rubuta dai."

Na rubuta. Kafin sati ya ƙare ardo goma sha ɗaya suka zo da wannan buƙatar, har da biyu da ba a taɓa naɗa su ardo ba. Duka na rubuta musu. In kuka buɗe jerin yau za ku ga Ardo goma sha biyu a jere a sama, sauran zanguna suna can ƙasa a wurinsu. Ya saɓa wa tsarin suna, na sani. Kada wanda ya gyara.